Katin Baba

Lahadi, 8 ga Oktoba

Shekara uku ina yi wa yaran nan alkawarin babban filin wasan nan na kusa da Paris. Bana Louison ta daina tambaya ma, kuma shirun nata ya fi tambayar ciwo. Shekararta takwas. Océane sha huɗu, ta ce in aka ƙara shekara ɗaya ita ta wuce wurin. Yau dai na rufe ido na kama mana kwana biyu a hutun kaka, Talata da Laraba, ƙarshen wata.

Régis ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Lokacin hutu? Layi za mu je kallo ke nan." Mijin nan nawa, in dai wajen ɓata wa mutum murna ne ba a kai shi. Amma gaskiyarsa ce. Waɗanda suka je bara sun ce awa ɗaya da rabi ake tsayawa kan kowane lilo. Tikitin tsallake layi kuwa ba na irinmu ba ne.

Talata, 10 ga Oktoba

A kantin magani yau wata abokiyar aiki ta ba ni labarin tasu tafiyar. Da surukarta suka je, mai katin naƙasassu. Ana nuna katin a ƙofar shiga, a ba ku takarda, sai ku riƙa bi ta ƙaramar ƙofar gefe. Ba layi ko kaɗan. Mai katin da 'yan rakiya huɗu.

Mu huɗu ne cif.

Baba yana da katin. Ni na cike masa takardun da hannuna shekarar da Mama ta rasu, lokacin da likita ya ce ƙurar kwal ta gama da rabin huhunsa.

Na ci gaba da jera maganin tari.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ba zan yi ba. Ban lalace haka ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na kira Baba.

Rabona da Bruay, garin da yake zaune, tun bikin Ista, wata shida ke nan. Minti arba'in ne a mota daga nan Arras, ba wata uwa duniya ba. To amma gidan ne. Kujerar Mama tana nan inda take, injin iskarsa yana ta huci a lungu, shi kuma ya zauna ya zuba maka ido kamar ka zo karɓar haraji. Yayata Ghislaine tana zaune layi biyu daga gidansa, tana leƙa shi kullum. Da wannan nake lallashin kaina.

Yana ɗauka ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu, Baba, yawo za mu kai yara, muna so ka zo. Ina jin numfashinsa, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Ni? Da ku? Har da kwana?"

Sai ya tuna Laraban ita ce ɗaya ga Nuwamba, ranar kai wa matattu furanni. Bai taɓa fashin zuwa wurin Mama ba. Na san da haka tun kafin in kira, na yi kamar yanzu na tuna. Ya ce, "Uwarki za ta yi haƙuri. Ta saba jirana, shekara nawa tana jira in fito daga ramin kwal."

Za mu yi sallama na ce, kamar abin da ya faɗo mini yanzu, "Af, Baba, kar ka manta da katinka. Saboda wurin ajiye mota."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ghislaine ta kira, ko gaisuwa babu.

"Ke Marylène, me kike ƙullawa?"

Na ce ƙulla me, laifi ne in fita da ubana? Ta ce ba laifi ba ne, sabon abu ne dai. Wai ya sa ta kai shi aski. Ya sa ta fito da kwat ɗin da ya sa ranar aurena ta kai wanki. Duk wanda ya gamu da shi a gidan burodi sai ya ji cewa Auta za ta kai shi Paris. "Na san ki tun kina fitsarin kwance," in ji ta. "Ba kya motsi a banza."

Na kashe wayar don haushi. Ita wace ce? Don tana kai masa miya sai ta zama waliyiya?

Régis yana wanke kwanuka, duk ya ji. Ya ce, "Kin gaya masa dalilin?"

Na ce dalilin me, ba ubana ba ne?

Ya ce, "Tun Ista ma ubanki ne." Ya ci gaba da wanke-wankensa. Da kwano yana hannuna da na jefe shi.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Baba da Ghislaine sun je makabarta yau tun da Laraba ba ya nan. Ghislaine ta turo hoto: Baba da sabon aski, rungume da tukunyar furanni ruwan ɗorawa, ga kyandir cikin jan gilashi a kan dutsen Mama.

Talata, 31 ga Oktoba

A masauki, bayan cin abincin yamma. Yara suna wanka.

Ƙarfe shida na safe muka isa Bruay, muka samu Baba tsaye a bakin ƙofa cikin kwat da laktaye, ko Allah ya san tun yaushe. Ya dafa kofi a gora. Ya naɗe wa kowa burodi da cuku, ya rubuta suna a kan takardar, nawa ya sa "Auta". Louison ta ruga tana "Jaja! Jaja!", yadda take kiran kakan nata. Ya ce, "Wace ce wannan doguwar? Ina jikata 'yar ƙarama da na sani?" Ban san ko da ni yake ba.

Filin ya cika maƙil. Kabewa ko'ina, manya da ƙanana, an yi musu idanu da haƙora saboda bikin dodanni na yau. Yanar gizo-gizo ta ƙarya a kan fitilu, ganye ja da ruwan goro sun rufe hanya, yayyafi yana sauka yana ɗaukewa. Na karɓi katin daga hannunsa na je na yi abin da ya kawo ni. Minti biyar aka ba ni takardar. Keken guragu kuwa da farko ya ƙi, wai shi ba gawa ba ne. Da ya yi taku hamsin ya tsaya riƙe da turken fitila, sai ya ce to a kawo, don Louison ta samu abin turawa.

Mun fara da wanda yara ke kira Macijin Ƙarfe, jirgin nan da ke hawa sama ya kife da mutane. Muka bi ta ƙofar gefe, ina jin idon duk mutanen layin a ƙeyata. Ma'aikaciyar wurin, wata yarinya mai fara'a, ta duba takardar ta ce, "Yallaɓai zai hau, ko?"

Na ce a'a, shi a nan zai jira mu.

"Yi haƙuri, madam. Sai mai katin ya hau 'yan rakiya suke shiga."

Abokiyar aikina ba ta faɗa mini wannan ba. Ko ta faɗa ban ji ba, don ba na son ji. Abin da ya kamata in ce ɗaya ne, mu koma layi kamar kowa. Yana bakina. Ban faɗa ba.

Baba ya dafa hannun keken ya miƙe. Ya ce da yarinyar, "Tsayinsa mita nawa?" Ta ce talatin da wani abu. Ya yi tsaki. "'Yata, shekara ashirin da shida ina sauka ramin kwal mita ɗari takwas cikin keji, ba ɗamara, ba kiɗa." Ta tambaye shi zuciyarsa fa. Ya ce, "Zuciya garau take. Huhun ne na aro."

Ya hau. Ni ina bayansa, idona a kan farin gashinsa har muka tsaya. Da muka sauko fuskarsa ta yi fari fat, amma yana dariya, yana cewa Régis ya fi Louison ihu.

Bakwai muka hau yau. Bakwai! Mutane suna samun uku da ƙyar. A na huɗu wani mai jar hula a cikin layi ya ɗaga murya ya ce, "Gobe ni ma tsohon maƙwabcinmu zan aro." Aka yi dariya. Kunnuwana suka ɗau zafi. Na gode Allah ta ɓangaren kunnen Baba da ba ya ji ne.

Na ƙarshe kwalekwalen nan ne da ke faɗowa cikin ruwa. Ya jiƙe sharkaf, kwat, laktaye, har safa. A wannan sanyin. Océane da ba ta ɗaga kai daga waya ta cire gyalenta ta naɗa masa a wuya, ta riƙe masa hannu har wurin cin abinci.

Muna cin soyayyen dankali, su Régis sun je ɗauko abin sha, sai ya ce, bai ko dube ni ba, "Auta, na ɗauka kin gaji da ni. Na gode da kika tuna da tsoho."

Na ce haba Baba, ci abincinka.

Leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi da yamma. Ina jin injin iskarsa ta bango yanzu. Gobe saura guda uku, har da sabon da Océane ke mafarki.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Mun dawo gida. Ba zan iya rubuta na yau ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

To bari in rubuta, tun da ba wanda zai karanta.

Jiya da safe Baba bai ci komai ba. Kwat ɗin bai gama bushewa ba, haka ya mayar. Muka tura shi har gaban sabon lilon, allon ya nuna jiran minti ɗari da goma. Ruwa yana sauka, Louison tana jan rigata, ni kaina yana sarawa. Na juya keken wajen ƙofar gefe sai ya sa hannu ya riƙe tayar.

"Yau ku je ku kaɗai, Auta. Ƙirjin ya ƙi. Ku ajiye ni ƙarƙashin rumfar can in kalli mutane. Yau ranar uwarki ce, ina so in ɗan zauna da ita."

A hankali ya faɗa, har da murmushi. Ni kuma na buɗe wannan bakin nawa.

"Haba Baba! Guda ɗaya tak! In ba ka hau ba awa biyu za mu tsaya cikin ruwa. To me ya sa muka ɗauko ka?"

Haka na faɗa. Ban rage ba, ban ƙara ba. Da ƙarfi kuma, ta ɓangaren kunnen da yake ji.

Régis ya ce, "Marylène."

Baba ya dube ni ya daɗe. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da sauƙi. Kallon mutumin da ya gama haɗa wani abu a kansa ne, wurin ajiye mota, da ƙofar gefe, da komai. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro katin, ya kamo hannuna ya ɗora, ya naɗe mini yatsu a kai.

"Ga baƙon naki," ya ce. "Ni rakiya na yi masa."

Sai ya juya ya ce, "Régis, tura ni inda ba iska."

Océane ta tsaya tana kallona. "Mama, shi ya sa? Da gaske shi ya sa?" Ta bi su, ta bar lilon da ta yi wata guda tana maganarsa.

Louison ba ta gane komai ba, ita dai a hau. Muka shiga layi ni da ita, can ƙarshen ƙarshe, bayan wasu 'yan makaranta. Awa biyu ba kaɗan. Ruwa yana bin wuyana yana shiga riga, katin yana hannuna da hoton Baba a kai, ba abin da zai yi mini. Kunya ta hana ni ɗaga kai, ko da yake ba wanda ya san ni a wurin. Lilon kansa minti biyu ne. Ban tuna komai a ciki ba.

A mota ya rufe ido tun daga fita har Bruay. Ban yarda barci yake ba. A ƙofar gida ya sumbaci yaran, ya ba Régis hannu ya ce ya gode da tuƙi. Na ɗauki jakarsa zan shigar masa, ya karɓe ya ce zai iya.

Katin yana cikin jakata har yanzu.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Zazzaɓi ya kama Baba. Ghislaine ta kira likita gida, ya ce sanyi ya sauka a ƙirji, ya rubuta magani, in bai sauka ba zuwa Litinin sai asibiti.

Tana gaya mini, na riƙe wayar ina jiran zagi. Na ma shirya masa, ina so. Sai ta ce, "Ya ce ya sha daɗi. Ya ce kin kula da shi kamar ƙwai. Marylène, na yi miki mummunan zato, ki yafe ni."

Bai gaya mata ba.

Na ce ba komai. Ni, na yafe wa Ghislaine! Na shiga banɗaki na kunna famfo don kar yara su ji.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Zazzaɓin ya sauka. An koma makaranta. Océane "e" da "a'a" kawai take ba ni. Louison ta zana Jaja a cikin kwalekwale ta manna a firji, duk buɗewa sai mun haɗa ido.

Na sa katin a ambulan, na rubuta adireshi. Aika shi ta gidan waya ya fi sauƙi ga kowa.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Ban aika ba. Na roƙi shugabar kanti rabin rana na kai da kaina.

Ya buɗe ƙofa cikin rigar sanyi biyu, ya rame. Ya ce, "Me ake bukata?"

Na ce katinka na kawo. Ya karɓa ya jefa a kan firji. "Sai me?"

Na ce, "Baba, maganar da na faɗa ran nan..."

Ya ɗaga hannu. "Gaskiya kika faɗa. Kar ki zo ki ɓata ta da ƙarya."

Duk abin da na haddace a hanya ya gudu. Bai ce in shigo ba, bai ce in tafi ba, ya bar ƙofar a buɗe ya koma kujerarsa. Na shiga na zauna. Muka kalli wasan kacici-kacici a talabijin minti ashirin, ba wanda ya amsa ko ɗaya. Na tashi na tafi.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Na koma. Ba ni da abin mayarwa wannan karon, hannu rabbana na je.

"Me ake bukata?"

"Ba komai."

Ya leƙa bayana, ya dubi motar, ya dube ni. Na shiga na tarar da dankali a kwano na hau ferewa don in samu inda zan sa idona. Shi kuma ya zauna yana jira. Ina jin jiran nasa a jikina. Can ya ce, "Motar ce ta lalace?" Na ce a'a. Aka jima. "Régis ne ya yi wani abu?" A'a. "Takarda ce za a sa hannu?" A'a, Baba. "Tsanin nan ne? Yana gareji, ɗauka."

Duk abin da ya lissafa, na taɓa zuwa dominsa. Ɗaya bayan ɗaya, bai manta ko guda ba. Ashe shekara uku haka nake zuwa gidan nan.

Ina sa rigar ruwa zan fita ya ce, "To faɗi mana ki huta."

Na ce wallahi ba komai. Ya ce hm. Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Océane ta tambaye ni ina nake zuwa ranar Laraba. Na ce Bruay. Ta ce, "Me za ki karɓo?" Yarinyar nan bakin kakanta ta ɗauko.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Ya tambaya, na ce ba komai. Sau ɗaya kawai yau. Ya ba ni labarin wani doki da ya yi shekara goma a ƙarƙashin ƙasa yana jan kwal a zamanin ubansa. Na san labarin tun ina yarinya. Na bar shi ya kai ƙarshe, da tsayawar numfashi da komai, ban duba agogo ba sai sau biyu.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Wata babbar mota ta tare hanya, sai ƙarfe ɗaya saura na isa. Ya buɗe ƙofa, na tsaya ina jiran tambayar. Ya juya ya yi ciki yana cewa, "Kin makara. Miya ta huce."

Kwano biyu ne a kan tebur.

Na ja kujera na zauna. Gishiri ya yi yawa, na shanye tas. Har yanzu bai kira ni Auta ba, "ke" yake cewa. Ba na ƙorafi.

Da zan tafi ya biyo ni har bakin ƙofa, a wannan sanyin. Na ce shiga ciki mana, Baba, ƙirjinka. Ya ce shi ba ni ya rako ba, sama yake dubawa ko za a yi ruwa. Ruwan kuwa tun safe ake yi.

Shugabar kanti ta tambaye ni jiya ko canjin Laraban nan na wata ɗaya ne, tana son rubuta jadawalin Disamba. Na ce ta bar shi haka tukuna. Ba wani abu ba ne. Miyar ce ba ya iya shanyewa shi kaɗai.